Haƙora uku ne, ba huɗu ba

Mutumina,

Salamu alaikum. Ya Legas, ya iyali? Na san ka yi fushi da shiruna, amma kai ma ba ka neme ni ba, don haka an yi canjaras.

Albishirinka! Na gano abin nan da ya hana ni barci, wani abin teku da nake neman sunansa. Malaminmu ne ya ba ni hotunansa na madubin ƙara girma, wai daga tekun Antatika aka ɗebo shi, inda ruwan gishiri ke kusan digiri 2 ƙasa da sifili kafin ya daskare. Da na gani na rantse ciyawa ce, reshe-reshe kamar busasshen zogale. Ashe dabba ce, dangin jelifish (wata dabbar teku mai laushin jiki), ana ce mata haidiroid. Kuma ba ɗaya ba ce, taron dangi ne a jiki guda: kowace 'yar mitsitsiya tana zaune cikin ƙoƙonta, amma bututun abinci ɗaya ya ratsa su duka, abin da ɗaya ta kama kowa ya ci. Gidanku na Anguwar Rogo sak, lokacin da kake wawure tuwon kowa.

Rigimar gane sunan jinsinta tana bakin ƙoƙon, inda akwai 'yan tsinaye kamar haƙora. In haƙora huɗu ne, Sertularella ce; in uku ne, Symplectoscyphus. Dare biyu ina ƙirge, ido na hawaye, ga wuta an ɗauke, kwamfuta na kukan caji. Sau biyu ina ganin huɗu, ashe inuwa ce ta ruɗe ni. Uku ne! Murfin ƙoƙon ma ɓangare uku. Na yi ihu har uwargida ta fito a guje, ta ɗauka kunama ce.

Af, mai shayinmu na Farin Gada ya ƙara aure. Kar ka tambaye ni wa, ka sani.

Yanzu saura sunan nau'in, shi kuma sai an duba jakar ƙwan, a ga ko tana da zobba da ɗan mazurari a ka. Malam ya ce zai turo hotonta.

Abin dariyar, ni da ban taɓa taka teku ba nake wannan, kai kuwa kana bakinsa, kifi kawai ka iya ci. Sanyin Jos bana ya yi tsanani, da safa nake rubuto maka.

Akwai abin da na so tambayarka, wallahi ya shige min. Ka gaida Hajiya, ka ce yajin ya ƙare.

Naka,
ɗan Jos