Mai gida, kawo takarda kafin mu kafa diga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu ba mu aikin gini a Yamai, musamman 'yan'uwanmu na Abijan da Libiya masu turo kuɗi gida. Ni ɗan kwangila ne, mutumin Adar, kuma ba maganar da ta ishe ni kamar "ka fara kawai, takarda tana tafe."

Takarda ba ta zuwa da ƙafarta. Izinin gini daga ma'aikatar magajin gari yake fitowa, kuma mai fili ne ke nemansa da sunansa, ba magini ba. Zai kai shaidar mallakar fili da zanen gidan da ya nuna ɗakuna, masai da inda ruwa zai fita. In bene ne mai hawa da yawa, a nemi mai zane da injiniya na gaskiya, a kuma gwada ƙasar wurin kafin a zuba kankare. Namu kason, wato rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, takardar amincewar ma'aikatar gwamnati da sa ma'aikata a CNSS (asusun fansho da inshorar ma'aikata), mu ya dama, kuma duk mai ba da aiki yana da hakkin ya ce a nuna masa.

To amma ranar da aka shafa jan fenti a bango aka ce aiki ya tsaya, wa ake tararwa a wurin? Mu. Bara wani alhaji ya rantse mini takardunsa sun kammala. Mun kai gini bakin taga sai ta bayyana rabin filin hanya ce. Siminti ya daskare a buhu, leburorin da na ɗauko daga ƙauye suka zauna ba kuɗin abinci, shi kuwa alhaji wayarsa ta daina shiga. Daga aljihuna na sallame su.

Abin da ya fi tsorata ni ma ruwa ne. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai mita 7 a Yamai, ya fasa shinge, unguwannin Lamorde da Kirkisoye suka koma tafki. Bakin ƙoramar Gunti Yena kuwa kowace damina da labarinsa. Fili a watan Maris busasshe ne ƙayau, dillali kuma ba zai taɓa ce maka hanyar ruwa ce ba (kamashonsa yake kallo, Allah na tuba). Wurin neman izini ne ake ɗora filinka a kan taswirar gari a gani ko ya faɗa kwari, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko cikin dajin bishiyoyin da aka fara dasawa kewaye da birni tun 1965, wanda gine-gine suka daɗe suna ci.

Ga hukuma roƙona ɗaya ne: a manna jerin takardun da ake buƙata da kuɗinsu da Hausa da Zabarmanci a gundumomin Yamai biyar, a kuma karanta a rediyo, 'yan "kawo in yi maka" su rasa kasuwa.

Ku kuma na waje, ku ba wani amintacce wakilci a rubuce ya bi takardun. Kuɗin siminti ya jira sai izini ya fito. Wanda ya kira ni bana, hoton takardar zan fara tambaya ta WhatsApp.

Naku,
Wani ɗan kwangila, unguwar Bukoki, Yamai.