Ba Nasiha Ɗalibanmu Suka Rasa Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da nake gani a matsayina na malami a wata jami'ar gwamnati a Arewa. Yaro yakan shigo aji ɗaya da zafinsa, kafin ya kai aji uku an zare masa laka. In ka ja shi gefe, amsar ba ta wuce: "Malam, ko na fita da digiri mai daraja ta ɗaya, in ba ni da uwa a gindin murhu, me zan yi da shi?" Mu kuma sai mu ce ya yi haƙuri, in da rai da rabo. Gaskiya ne, amma ya riga ya haddace wannan tun a gida.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kansas ta Amurka, Charles Snyder, ya bayyana tun a 1991 cewa sa rai ba ya tsayuwa sai mutum yana da abin da ya sa a gaba, yana hangen hanyar isa gare shi, kuma ya yarda ƙoƙarinsa zai kai shi. Ɗalibanmu ba su rasa buri ba, kowa ya san abin da yake so ya zama. Abu na ukun nan, wato yarda cewa ƙoƙari zai kai mutum, shi muke kashewa da hannunmu.

Duba wanda ya samu gurbi a 2019. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Karatun shekara huɗu ya doshi shida, ba don ya faɗi ko kwas ɗaya ba. Wanda ya shigo da ɗan shekaru kuwa sai lissafi, kar ya haura talatin ya rasa bautar ƙasa. Ni ɗan ƙungiyar ne, na san dalilanmu, amma yaron abin da ya koya shi ne ranar gamawarsa ba a hannunsa take ba.

Wasu masana halayyar ɗan Adam, Martin Seligman da Steven Maier, sun nuna wannan a gwajin da suka yi da karnuka a 1967: dabbar da ta saba duk abin da ta yi azaba ba ta tsayawa, ko an buɗe mata mafita daga baya sai ta kwanta. Ba ina kamanta 'ya'yan mutane da karnuka ba ne, Allah ya kiyaye. Amma na ga yarinyar da ta kwana a aji tana karatu da fitilar waya, aka kafe sakamako ta ga an rubuta ba ta zauna jarabawar ba, alhali sa hannunta na cikin takardar halarta. Ta yi ta zarya ofis-ofis har zangon ya ƙare, aka ce ta maimaita. A zango na gaba can bayan aji ta koma, ko tambaya ta daina yi.

Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, da naira 20,000 na kashewa duk wata, ya rage wa wasu raɗaɗi, musamman bayan cire tallafin mai da ƙarin kuɗin rajista. Sai dai akwai gyaran da ba ya jiran Abuja. A fitar da sakamako kafin a shiga sabon zango. Wanda ke ganin an zalunce shi a nuna masa takardar amsarsa ba tare da an ɗauke shi mara kunya ba. Malamin da aka damƙa wa kula da aji ya sa ranar zama a ofis, ya kuma zauna ɗin. Sashen ba da shawara, wanda ɗalibai da yawa ba su san ƙofarsa ba, a farfaɗo da shi. Kuma tsangayoyi su riƙa gayyato tsofaffin ɗalibai, irin 'ya'yan talakawan da suka samu abin yi ba da wasiƙar kowa ba, su zo su faɗa wa ƙannensu matakan da suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Naka,
Wani malamin jami'a