Godiya ga ma'aikatan ɗakin awon ciki na asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum. Ina rubuto wannan ne a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku a bakin ƙofar ɗakin awo ba ta gamsar da ni ba.

Uwargidana tana da ciki wata bakwai lokacin da jiki ya fara ƙi mata. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya tana haki, zuciyarta na bugawa, ga jiri, ga kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara wanda muka ɗauka na masu ciki ne kawai. Ƙwayar ƙarin jinin da ake ba su a awo kuwa ta gagare ta. Da ta sha sai tashin zuciya da taurin ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yi gaggawa ba. Sista ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta nuna mini cikinta fari fat, ta ce: "Malam, ka gani? Amma ido ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi jini." Aka auna, aka samu ya yi ƙasa sosai da 11, wato ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa mai ciki, wanda ƙasa da shi ƙarancin jini ne. Aka duba zazzaɓin cizon sauro, aka duba sikila, sannan aka tabbatar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, shi ne ya ƙare mata. Likita ya ce mana ba kowane ƙarancin jini ne ke son ayon ba, wanda jikinsa ke da shi isasshe in an ƙara masa cutar da shi aka yi. Da a ce kemis muka je, wallahi da tuni an tsira mata allura ba tambaya.

Da likita ya ce za a sa mata maganin ayon ta jijiya, Hajiya surukata ce ta so ta hana. Ta tuna allurar ƙarin jini ta zamaninsu, wadda ake yi a ɗuwawu, ga zafi, ga baƙin tabo da ba ya gogewa. Ungozomarku ta zauna kusa da ita, tana "Hajiya, ki kwantar da hankalinki," ta yi mata bayanin cewa wannan ta jijiya ce, ba kuma jinin wani za a sa wa 'yarta ba. Sunan maganin ferric carboxymaltose. Ruwa ne mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, aka zuba miligiram 1,000 a ledar ƙarin ruwa, ya shige cikin kamar minti 15. Bayan ya ƙare ba ku sallame mu ba, sai da nas ta tsare ta rabin awa tana auna hawan jini, tana tambayar ko akwai ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi, domin wani jikin yakan ƙi maganin. A nan na ji cewa ba a yin sa a watanni uku na farkon ciki, kuma an gwada shi a kan masu ciki 1,056 a Legas da nan Kano, sakamakon ya fito a 2024.

Sauƙin bai zo a ranar ba, kuma kun faɗa mana haka tun farko. Sai bayan makonni haki ya ragu, farar ƙasa ta fita daga ranta. Ta haihu lafiya, ba a nemi in kawo masu ba da jini ba. Yanzu hanta da wake da zogale ba sa yankewa a gidan, shayi kuma an raba shi da lokacin cin abinci kamar yadda kuka ce, tunda yana hana jiki tsotsar ayon.

Maganin yana da tsada, na ga matan da aka rubuta wa suka naɗe takardar suka tafi. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sa shi cikin magungunan da ake sassauta wa masu ciki.

Likita, Sista, ungozoma, ma'aikatan ɗakin gwaji, har da baba mai ba da kati, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Naku,
Wani magidanci daga Kano