Amsa ga 'Yar'uwar da Ta Ce Na Tsananta wa Jarumar Littafi

Assalamu alaikum 'yar'uwa,

Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, a nan zan ba ki amsa. Kin ce me ya sa na ɗora wa jarumar littafin soyayyar nan da na yi wa sharhi karan tsana, ko mace ba ta da damar yin kuskure ne sai namiji?

Tana da dama mana. Jarumar da ba ta kuskure ma ba ta burge ni, domin labarin soyayya da raunin ɗan Adam ake gina shi: kishi, tsoron a guje ka, girman kai, tabon da mutum ya taso da shi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, an gabatar mana da mace 'yar shekara 29, wadda ake ji da ita a wurin aiki, sai aka ɗora mata halin 'yar shekara 13.

Ki tuna inda saƙo ya shigo wayar masoyin jarumar da sunan mace. Ko "wace ce wannan?" ba ta ce ba. Jakarta ta sura ta fice, ta toshe lambarsa, ta shiga gaba da shi babi bayan babi, ashe ƙanwarsa ce. Tambaya ɗaya ta isa ta kashe maganar, sai dai da an yi ta, da labarin ya ƙare tun a tsakiya. A nan na gane marubuciyar ba ta da wata matsalar kirki da za ta raba masoyan, shi ya sa ta rage wa jarumarta hankali don shafuka su cika. Kuma da yake da bakin jarumar ake ba da labarin, mai karatu ba shi da wurin shan iska, yana cikin kanta tun daga farko har ƙarshe.

Wurin da ya fi ci mini rai ma ba na soyayyar ba ne. Aminiyarta ta baro mahaifiyarta a gadon asibiti ta zo rarrashinta, ita kuwa tana kwance tana kuka a kan namiji, har baiwar Allah ta miƙe ta tafi ba ta ce mata "ya mai jiki?" ba. Na yi ta buɗa shafi ina jiran ranar da abin zai dawo mata ta ji kunya. Shiru.

Jarumin ma yana da nasa laifin, ban wanke shi ba, zurfin cikinsa ya yi yawa. Amma shi labarin ya hukunta shi: ya yi rashi, ya yi nadama, ya sauya. Ita ko yadda ta shigo haka ta fita, ƙarshe ma shi ya zo yana ba ta haƙuri a kan laifin da ita ta yi. Kin ga ke nan shi aka ɗauka babban mutum mai iya ɗaukar nauyin aikinsa, ita kuma yarinyar da sai dai a lallaɓa. A ganina wannan raini ne ga mace, kuma shi nake ƙi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, 'yar'uwa. Marubuciyar ta iya tsara hira, zan kuma karanta littafinta na gaba. In kuwa akwai shafin da jarumar ta nemi gafarar wani da bakinta, don Allah ki faɗa mini babin, zan koma in karanta.

Taki 'yar'uwa a karatu.