Ta tashi, amma ta ƙi ni

Bahra, kusa da Jidda, daren Asabar

Assalamu alaikum Bazazzage bawana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da amarya da yara baki ɗaya. Saƙon muryarka ya iso tun kafin azumi, na saurare shi har sau uku, kullum ina cewa gobe zan amsa. Na ji tambayar da ka yi, wai yaushe motar nan da nake haɗawa za ta hau titi, kuma zan zo kanta. Bari dai in fara sauke abin da ke cina.

Ta tashi, mutumina. Wallahi ta tashi! Motar nan da kuke kira makara, kuka yi ta yi mata dariya, kai da uwargidana, shekaranjiya bayan la'asar na murɗa makulli ta yi tari sau biyu ta kama. Salansar ko gama ɗaure ta ban yi ba, don haka ƙarar da ta yi sai da tantabarun maƙwabcina suka watse, shi kuma ya leƙo ta kan katanga ba ko hula. Ni ina tsaye da sifana a hannu, idona ya cika da ƙwalla, na ce wa yara hayaƙi ne.

Ka san sati uku na yi ina fama da ita? In na murɗa sai kik ɗin ya yi "ƙyat" ya yi shiru. Na canja batir. Na cire kik ɗin na kai sana'iyya, unguwar makanikai, aka gwada aka ce lafiyarsa lau. Har na fara zargin kwamfutar injin, na soma lissafin kuɗin wata. Ashe wayar nan mai kauri da ke haɗa injin da jikin shasi ce, na ɗaure ta a kan fenti. Fentin da Turawan suka gasa wa ƙarfen ya yi kauri, wuta ba ta samun hanyar komawa batir. Yaron nan na biyu, wanda kake kira Likita, shi ya ɗauko sanfefa ya kankare wurin da bai fi faɗin kwabo ba. Shi ke nan. Sati uku saboda fenti. Kada ka gaya wa Dogo, in ya ji har Sabon Gari sai an sani.

Af, Dogo ya ƙara aure, ka ji? 'Yar Makka ce, ta wajen Shari Mansur. An yi walima, mandi har da na bayarwa, shi kuwa gogan yana ta gyara rawani kamar saurayi. Ta farko ta tafi gidan yayanta a Madina "ziyara", yau wata biyu ke nan.

To, in koma. Na san har yanzu kana ganin hauka ce, mutum da iyali ya sayi mota a cikin akwati. Amma ba ni na fara ba. Tun 1957 wani Baturen Ingila, Colin Chapman, ya fito da motar Lotus Seven, yana sayar da ita gunduwa-gunduwa don mai saye ya haɗa da kansa, saboda a Ingila ta lokacin harajin saye ba ya hawa kan motar da aka sayar a warwatse. A 1973 mutanen kamfanin Caterham suka sayi haƙƙin ƙera ta, har yau suna yi. Tawa ba ta Caterham ba ce, ina ni ina wannan kuɗi. Wani ƙaramin kamfani ne mai kwaikwayon fasalin ya turo min shasi da hanci da murafen tayoyi da ƙarafan ƙafa, suka manta da maƙalan da ke riƙe lagireto, sai da na kai wa mai walda zane ya yi min. Ni dai harajin bai bar ni ba, a tashar jirgin ruwan Jidda na biya kwastan, na biya kashi 15 na harajin VAT.

Sauran kayan duk daga Mazda MX-5 ɗin nan ne da na tsinto a tashlihin Buraiman, inda ake kwance matattun motoci, wadda aka daka wa baya: injin 1.8, giya, birki, sitiyari, wayoyi. Injin mai ƙarfin doki kusan 130 ne, ba wani abin a zo a gani ba. Sirrin a nauyi yake. Mazdar tana kusan tan guda, tawa kuwa ba ƙofa, ba rufi, ba mukayyif, wato na'urar sanyi, ba rediyo, da kyar za ta haura kilo 600. Dokin nan ne dai, an sauke masa kusan rabin kaya.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Bayan ta tashi, na ce a ɗauko kujeru. Shekara biyu suna cikin kwali saboda ƙura. Muka ɗaura su, na naɗe jallabiya har gwiwa, don tsallakawa ake yi a shiga, na dafa, na zura ƙafafu, na sauka. Malam, na tsaya a hanya. Ban kai ƙasa ba, ban iya fitowa ba. Wurin zaman santimita 40 ne da 'yan kai, tsakanin bango da ramin da sandar juya tayoyin baya ke bi. Ranar da akwatin ya iso na ɗora katako na zauna a ciki, na shige sumul. Amma wancan mutumin bai ci ful da tamis na shekara biyu ba. Sai da yara biyu suka kama ni ta hammata suka fizgo, uwargida tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, wai tari take yi. Ta ce dama makara ba a shigarta da tumbi.

Likita kuwa ya faɗa ciki kamar don shi aka auna. Ya cire takalmi, don totur da birki da kuloci sun matsu da juna, ƙafa mai takalmi sai ta taka biyu. Ya sa giya ta ɗaya, ya tafi daga bakin tankin ruwa zuwa gindin dabinon nan, ya dawo da baya, sau shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yi murna, Allah ya sani, amma wani abu ya tsaya min a maƙogwaro. Kuɗin da na ce zan ɗora bene da su a gidan Kurna ne fa suke yawo a tsakar gida da ɗan shekara goma sha tara a ciki.

Daga baya na karanta cewa Caterham ma sun sha wannan kuka, shi ya sa a 2000 suka fito da samfurin SV, suka ƙara masa faɗin santimita 11. Da na sani! Yanzu ko dai in cire kujerar in zuba kumfa a leda in zauna a kai ta ɗauki siffata, yadda masu tsere ke yi, ko in rage tuwo. Ka san wanda ya fi sauƙi.

Titi kuwa ba yanzu ba. Ba lamba, ba istimara, wato takardar rajistar mota, ba zan yarda in fito da ita ba, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya wasa da irin wannan. In na gama, a kan saɗaha, motar ɗaukar mota, zan ɗora ta mu je gonar wani abokin aikina mai katanga. Kafin nan dole in naɗe bututun salansa, don ta gefen direba ya fito, ya riga ya yi wa Likita tambari a ƙwauri. Lagireton ma ina shakkarsa, an yi shi don sanyin Ingila ne, ba don Agustan Jidda ba.

Na bi ta unguwar Sabil ta Jidda kwanaki, inda muke shan shayi. Tun rusau ɗin 2022 fili ne fetal, na kasa gane ko kwanar gidan Kawu. Shi yana nan, gwiwa ce dai, yana tambayarka, ya ce har yau bai ga kilishin ba.

An kira sallar isha tun ɗazu, kuma na bar batir a caji. In mai zuwa Umara ya samu, ka haɗo min da yajin Hajiya da kuka, amma ban da ƙuli-ƙuli, na shiga doka. Ka gaida mutanen majalisa, ka ce wa amarya hoton yana tafe, wanda Likita ke ciki. Wanda nake ciki na sa an goge.

Ni ne ubangidanka,
Bakano