Wasiƙa daga Tawa: yaushe hanyar keke ke bushewa?

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, na samu wasiƙarka wadda a ciki ka ce a can Faransa masu hawan keken tsauni sukan jira kwana biyu ko uku bayan ruwa kafin su shiga daji, kana kuma tambayar kwana nawa muke jira a nan Adar, yankin Tawa a Nijar. Amsata ita ce ba ma ƙirga kwana, ƙasar muke dubawa, domin a tafiyar sa'a guda daga Tawa zuwa wajen duwatsu mutum yakan taka ƙasa iri uku, kuma kowace da halinta.

Jigawa ita ce mai sauƙin hali. Da rani yashinta yakan haɗiye taya har sai mutum ya sauka ya tura, amma da zarar an yi ruwa sai ya shanye shi nan take, ƙwayoyinsa su manne da juna, hanya ta yi tauri kamar an daɓe ta. Saboda haka washegarin ruwa da sassafe shi ne lokacin jigawa, kuma wanda ya tsaya jira ta bushe ya yi asara, don kafin azahar ta kwana na biyu ta koma gidan jiya. Fako da marmarar kan tudu kuwa ba sa shan ruwa sai kaɗan. Ruwan damina a nan bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, amma da ƙarfi yake zubowa cikin ɗan lokaci, sai ya gangare ya bar tudun, wanda kan bushe cikin 'yan sa'o'i. Abin lura a can shi ne burjin da ruwa ya kwaso ya tara a kwanar hanya, inda taya kan zame ba gargaɗi.

Laka ta cikin kwari ce ke yaudarar mutane, kuma ni ma ta yaudare ni a makon jiya. An yi ruwa daren Talata, na fita ranar Alhamis da hantsi, na tarar fuskar hanyar ta yi fari har ta fara tsagewa, na ce a raina shi ke nan ta bushe. Ban yi nisa ba ɓawon ya fashe, taɓon da ke ƙasa ya naɗe tayoyin biyu, ya cushe tsakanin taya da birki, ya rufe sarƙa, har ƙafafun suka daina juyawa. Sai da na saɓa keken a kafaɗa, nauyinsa ya kusa ninkawa, ina tafe wani dattijo mai noman gero yana yi mini sannu yana ɓoye dariya. Dalilin shi ne ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, suna riƙe ruwa su kumbura, rana kuma saman kaɗai take gasawa, ɓawon da ya bushe ya zama murfi ga danshin da ke ƙasa. Dattijon ya nuna mini gwajin da manoma suka sani tun kaka da kakanni: a tona da ɗan yatsa, a murza ƙasar a tafin hannu, idan ta yi igiya ba ta karye ba to a hakura, idan ta marmashe an iya wucewa.

Ka ambaci cewa a wajenku gefen dutsen da ke fuskantar arewa ya fi daɗewa da danshi. Wannan bai cika aiki a nan ba, domin a tsakiyar Agusta rana takan tsaya daidai tsakar ka, ta haske kowane gefe kusan daidai. Abin da ya fi tasiri shi ne inuwa da iska. Ƙarƙashin bedi hanya takan kwana uku tana caɓi, alhali gindin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, yakan bushe tare da fili. Cikin malka kuwa, idan hadari ya rufe sama kuma iska ta kwanta, ko jigawa takan yi nawar bushewa.

Abin da ya fi damuna ba wankin keke ba ne. Sawun da tayata ta yanka a lakar nan ya ƙame da ta bushe, kuma ruwa na gaba zai bi shi ya zurfafa shi, kamar yadda ƙananan koramu ke farawa. Ka san irin wahalar da mutanen Keita da ke nan Adar, galibinsu mata, suka sha tun daga 1984 suna jera duwatsu da haƙa ramuka don tare zaizayar ƙasa, shi ya sa na ji kunyar dattijon nan, tun da hanyar gonarsa ce na ɓata. Na koma ranar Asabar da fartanya na cike sawun, na kuma jera 'yan duwatsu a inda ruwa ke tsallake hanyar.

Ka rubuto mini irin ƙasar da ke dazuzzukanku, musamman yadda ruɓaɓɓen ganye ke riƙe ruwa, domin wannan ban taɓa hawa kansa ba. A gaida mutanen gida.

Naka amini,
daga Tawa