Wasiƙa zuwa ga aminina, kan kuɗin da ka tara

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, aiki kuma da sauƙi. Saƙonka ya same ni tun makon jiya. Da gangan na ƙi kiranka, don na san halinmu: a fara da maganar kuɗi, a zarce hirar ƙuruciya, a rabu ba a ce komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka ce ka ɗan tara abin da ka tara cikin shekara uku, kana tambayata me za ka saya. Ni kuwa tambaya zan mayar maka: yaushe za ka buƙaci kuɗin nan? Duk abin da zan faɗa maka a kan amsar nan ya rataya.

Kuɗin da larura za ta iya nema gobe ko jibi, rashin lafiya ko tsayawar aiki, ba na jari ba ne. Ware abin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida, ka ajiye shi inda hannunka zai kai a rana ɗaya. Ba riba ake nema da shi ba, aikinsa shi ne ya hana ka sayar da kadara a ranar da ba ta da daraja. In kuma akwai bashi mai ruwa a wuyanka, fara sauke shi tukuna.

Abin da ya yi saura ne bai kamata ya kwanta ba, domin kuɗi a kwance zagwanyewa suke yi. Ga wani lissafi da masu harkar ke yi da ka: raba 72 da adadin hauhawar farashi, zai nuna maka shekarun da darajar kuɗinka za ta ragu da rabi. In hauhawar kashi 6 cikin ɗari ce a shekara, shekara 12 ke nan. In 12 ce, shida kacal. Takardun suna nan cif, abin da suke saya ne ya tsere. Zimbabuwe ta kai maƙura, har ta fitar da takardar dala tiriliyan 100 a farkon 2009.

To, mene ne hannun jari? Mutane na ɗaukarsa kamar lambobi masu hawa da sauka a waya, alhali yanki ne na kamfani. A 1602 'yan Holan suka kafa kamfanin fatauci zuwa gabashin Asiya. Tafiyar na da tsada da haɗari, sai suka bar jama'a su zuba kuɗi, kowa da kasonsa, wanda ya gaji da jira kuma ya sayar wa wani a Amsterdam. Har yau abin ke nan. In ka sayi hannun jari, kana da haƙƙi a ribar da kamfani ya raba, kana kuma fatan kasonka ya ƙara daraja in kamfanin ya bunƙasa. Kasuwar kuwa mahaɗa ce kawai, dillali na tsakani. Duk lokacin da ka ce "na saya", akwai wani a can da ya ce "na sayar", kuma yana ganin shi ne ya yi dabara. Farashin da kake gani shi ne inda cinikin ƙarshe ya faɗa, ba hukunci ba ne a kan ainihin darajar kamfanin.

Ɗaya hanyar ita ce takardun lamuni. A nan ba ka da kaso, rance ka ba gwamnati ko kamfani, su riƙa biyanka kuɗin ruwa, wa'adi ya cika su dawo maka da uwar kuɗi. Na san ra'ayinka game da ruwa, don haka ka duba sukuk, inda abin da kake samu ke fitowa daga haya ko ribar wata kadara ta zahiri. Malesiya ta yi nisa a wannan fanni. Akwai kuma asusun da ke tace kamfanoni bisa ƙa'idojin shari'a.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe duniya, ma'aunin S&P 500, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya zube da kusan kashi ɗaya bisa uku cikin 'yan makonni. Ina tuna wani dare, kowa ya yi barci, ni ina zaune a bakin gado da waya, lambobi duk sun yi ja, ina lissafin abin da ya narke tun safe. Gari na wayewa na sayar da komai, har ina yi wa kaina barka, wai da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Kafin ƙarshen Agusta kasuwar ta koma inda take, ni ina gefe ina kallo. Da na binciki kaina, ba faɗuwar ce ta kore ni ba. Ban ware kuɗin larura ba ne, don haka duk jan da na gani sai in ga kamar abincin yarana ne ke tafiya. Ka ga dalilin tambayata ta farko.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka kullum haka take farfaɗowa da wuri. Bayan rugujewar 1929, kasuwar New York ba ta koma matsayinta ba sai 1954. Ta Japan ta kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, ba ta sake taka wurin ba sai a Fabrairun 2024. Shekara 34! Wanda ya zuba kuɗin auren 'yarsa a ciki, sai dai jika ta amfana. Don haka ni a wurina, kuɗin da za ka nema kafin shekara biyar ba su da abin yi a hannun jari.

Kuma kada ka tattara a wuri guda. Ma'aikatan Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka, da yawa sun zuba tanadin ritayarsu a hannun jarin kamfanin da suke wa aiki. Da ya durƙushe a 2001, aiki da tanadi suka tafi tare. Maganin wannan ya daɗe: a 1976 wani Ba'amurke, John Bogle, ya buɗe wa talakawan masu zuba jari asusun da ba ya zaɓen gwani, sai dai ya sayi ɗan kaso a duk manyan kamfanonin kasuwa, da ladan kulawa kaɗan. An yi masa dariya a lokacin. Daga baya shahararren mai zuba jari Warren Buffett ya yi fare na dala miliyan 1 cewa irin wannan asusu zai doke zaɓaɓɓun ƙwararru cikin shekara goma, daga 2008 zuwa 2017, kuma ya ci. Ladan kulawar nan ka sa masa ido sosai. Kashi 2 a shekara ba ya tayar da hankali a takarda, amma cikin shekara 30 yakan lashe kusan rabin abin da da ka samu.

Lissafin 72 ɗin nan yana aiki ta ɗaya fuskar ma. Dubu 100 da ke samun kashi 7 a shekara, in ba ka taɓa ribar ba, za su ninka cikin kusan shekara goma, a shekara 30 su haura dubu 750. Misali ne fa, ba alkawari ba. Abin lura shi ne yawancin ƙaruwar a shekarun ƙarshe take zuwa, lokacin da riba ta fara haihuwar tata ribar.

Saura maganar mutumin da ka ce yana ba da kashi 20 duk wata, har abokan aikinka sun fara karɓa. Ruwa ba ya tsami banza, malam. Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston alkawarin kashi 50 cikin kwana 45 a 1920, kuma na farko sun karɓa, daga aljihun na baya. Bernie Madoff ya yi shekaru yana wannan wasa da attajirai da masu ilimi kafin a kama shi a 2008. Tambaye shi abu biyu: daga ina ribar ke fitowa, kuma wace hukuma ce ta ba shi lasisi? In ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce sai ka kawo mutum biyu, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama.

Ka zauna da uwargida ku rubuta abin da gida ke ci a wata, da manyan hidimomin da ke tafe da shekarar kowace. Turo min wannan, ba sai ka faɗa min nawa ka tara ba, sai mu yi waya mu duba me zai zauna kusa, me zai yi doguwar tafiya.

A gaishe min da ita da yara. Babban naka ya daina tsoron lissafin nan kuwa? Allah Ya sa albarka a abin da ka tara, Ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na kullum